Samfurin Vasa: yadda aka sassaƙa ƙaramin jirgin da babbansa bai yi tafiyar mil guda ba

A tsibirin Djurgården da ke cikin birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin akwai gidan tarihin da aka gina saboda jirgin ruwa guda ɗaya tak, mai suna Vasa. Jirgin yaƙi ne na katako, irin wanda iska ke turawa, kuma yana nan tsaye a tsakiyar zaure, ya yi duhu saboda daɗewa a cikin laka da kuma maganin da aka yi shekaru ana fesa masa. A gefensa akwai wani Vasa ɗin wanda aka rage sau goma, tsawonsa ya kusa mita bakwai, ja jawur, cike da siffofi masu launi iri-iri, filafilansa a buɗe, igiyoyinsa a ɗaure. A kan wannan ƙaramin zan yi magana.

Masassaƙa huɗu ne na gidan tarihin jiragen ruwa na Sitokholm suka yi shi. Sun fara a 1985, aikin ya ci musu kimanin sa'o'i 12,000, ya kuma samu wurin zamansa lokacin da aka buɗe gidan Vasa a 1990. Idan mutum ɗaya ne zai yi, yana aikin awa takwas kwana biyar a mako, zai kwashe kusan shekara shida bai ɗaga kai ba. Duk da haka ba a gama yi masa fenti ba sai a 2008. Mai karatu zai iya tambaya: mutanen da ainihin jirgin ke hannunsu, suna iya zuwa su auna shi da tef duk lokacin da suka ga dama, me ya ɗauke su wannan dogon lokaci? Amsar tana cikin abin da jirgin ya fito da shi daga ƙarƙashin ruwa, da abin da ya baro a can.

Jirgin da ake kwaikwayo

A watan Janairun 1625 Sarki Gustav Adolf na Biyu ya ƙulla yarjejeniya da wani maƙerin jirage ɗan ƙasar Holan, Henrik Hybertsson, da abokin kasuwancinsa Arendt de Groote, su ƙera masa jirage huɗu. Sarkin yana yaƙi da Polan, yana kuma son Tekun Baltik ya zama a tafin hannunsa. An kafa ƙashin bayan Vasa a farkon 1626. Hybertsson bai ga ƙarshen aikin ba, ciwo ya kwantar da shi ya rasu a 1627, mataimakinsa Henrik Jacobsson ya ƙarasa. Jirgin ya fito da tsawon mita 69 idan an haɗa da sandar goshinsa, faɗin mita 11.7, tsayi kuwa daga ƙasa zuwa ƙolin babban jigo ya haura mita 52. An ɗora masa igwa 64 na tagulla, 48 daga ciki manya ne masu jefa dunƙulen ƙarfe mai nauyin laba 24, an jera su a bene biyu, ɗaya bisa ɗaya.

Tun kafin a tashi an san akwai matsala. Kyaftin Söfring Hansson ya sa mutum talatin su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan a gaban babban hafsan ruwa Klas Fleming, don a ga yadda jirgin zai yi rawa. Sau uku kawai suka yi aka tsayar da su, don gudun kada ya kife a bakin gaɓa. Sarki yana bakin daga yana aiko da takardun a yi sauri, babu kuma wanda ya ce a dakata.

Ranar Lahadi 10 ga Agusta 1628 Vasa ya bar ƙasan fadar sarki, tagogin igwa duk a buɗe don a yi harbin ban kwana. An buɗe filafilai huɗu cikin goma. Iska ta farko ta karkata shi ya miƙe da kyar, ta biyu ta kwantar da shi har ruwa ya kwararo ta tagogin benen ƙasa. Ya nutse a zurfin mita 32 kusa da tsibirin Beckholmen bayan tafiyar kimanin mita 1,300, mutanen gari suna tsaye suna kallo. Mutum kusan talatin suka halaka. An zauna bincike a watan Satumba, ba a hukunta kowa ba. Abin da ya kayar da shi a fili yake: nauyi ya yi yawa a sama, cikinsa da ke ƙarƙashin ruwa bai da zurfi da faɗin da zai riƙe wannan nauyi, duwatsun da aka zuba masa a ƙasa, kimanin tan 120, ba su isa ba, kuma babu wurin ƙara wasu.

A tsakiyar shekarun 1660 aka ciro mafi yawan igwan da ƙararrawar nutso, wata ƙatuwar ƙararrawa da mai nutso ke tsayawa a cikinta yana shaƙar iskar da ta maƙale a sama. Daga nan aka bar shi. Sai a 1956 Anders Franzén ya gano inda yake, mai nutso Per Edvin Fälting ya sauka ya tabbatar. Ranar 24 ga Afrilu 1961 jirgin ya leƙo saman ruwa bayan shekara 333. Abin da ya cece shi, ruwan Baltik bai da gishiri sosai, tsutsar da ke cinye katako a sauran tekuna ba ta jin daɗin zama a ciki. Daga 1962 zuwa 1979 ana fesa masa wani magani mai kama da kakin zuma da ake kira PEG, wanda ke shiga ya maye gurbin ruwan da ke cikin katakon don kada ya tsage idan ya bushe.

Babu zane ko ɗaya

Abu na farko da ya tsaya wa duk mai son yin samfurin Vasa shi ne, babu takardar zanen jirgin, ba don ta ɓace ba, tun asali ba a yi ta ba. Maƙeran Holan na wancan zamani da ƙa'idojin da ke kansu suke aiki: idan ƙashin baya ya kai kaza, faɗi zai zama kaza, zurfi kaza. Suna fara jera katakan ƙasa su riƙe su da 'yan ƙananan itatuwa na wucin gadi, sai siffar cikin ta fito sannan su sa haƙarƙari. Haka tsohon maginin ƙasa yake tayar da soro mai bakan gizo ba tare da takarda ba, ido da hannu da abin da ya gada su ne ma'auninsa.

Saboda haka sai da aka juya aikin. A ka'ida zane ne ke haifar da jirgi, a nan jirgi ne ya haifi zane. Ma'aikatan gidan tarihin sun kwashe shekaru suna auna jirgin, Eva-Marie Stolt ta zana shi takarda bayan takarda, kuma waɗannan zane-zane su ne madogarar masu yin samfurin Vasa a ko'ina.

Kafin a kai ga zanen ma sai da aka sake haɗa jirgin. Ƙusoshin ƙarfen da suka riƙe kayan adonsa sun yi tsatsa sun narke a cikin ruwa, siffofi da katakan sama suka zube cikin lakar da ke kewaye da shi. An kwaso gutsattsarin katako kimanin 14,000. Kafintoci suka riƙa ɗaukar kowanne suna neman inda ramukan ƙusarsa suka yi daidai da ramukan da ke jikin jirgin. Idan rami uku na bayan wani zaki suka hau kan rami uku na jikin bango, to nan ne gidansa. Ta haka aka san wane sassaƙe ne ke zaune a ina, kuma ba don wannan haƙurin ba da masu samfurin sai dai su yi ta cinke.

Lissafin ɗaya bisa goma

Rage abu sau goma yana da sauƙin faɗa. Tsawo yana raguwa sau goma, mita 69 ta koma 6.9. Amma fili yana raguwa sau ɗari: filafilan Vasa gaba ɗaya murabba'in mita 1,275 ne, na samfurin za su tashi 12.75. Girman ciki kuwa sau dubu yake raguwa. Kowane sashe na aikin da nasa lissafin, kuma akwai abubuwan da ba sa yarda a rage su ko kaɗan.

Katako na cikinsu. An ƙera Vasa da itacen ok, bishiyoyi kimanin dubu suka tafi a kansa. Idan ka yanko siririn ok ka manna a ƙaramin jirgi, jijiyoyin itacen da 'yan ramukansa suna nan da girmansu na asali, sai ido ya ga kamar an yi jirgin da katako mai jijiya kamar damtse. Shi ya sa masu wannan sana'a, musamman a ƙananan ma'aunai, suke neman itatuwa masu matsattsen jiki waɗanda zanensu ba ya fitowa ɓaro-ɓaro. A ma'aunin ɗaya bisa goma abin ya ɗan yi sauƙi, domin katakon da kaurinsa ya kai santimita goma a babban jirgi zai koma santimita guda, hannu yana iya riƙe shi, wuƙar sassaƙa tana iya bin sa.

Jera katakan jiki shi ne inda ake gane gwani. Cikin jirgi yana da faɗi a tsakiya, yana tsukewa a goshi da ƙeya, ga shi kowane katako dole ya tashi daga wannan ƙarshe ya kai wancan yana lanƙwasa ta fuska biyu a lokaci guda. Mai aiki yakan auna tsawon kowane haƙarƙari da siririyar takarda, ya raba shi da yawan layukan da za su hau, ya fiƙe kowane katako daidai da abin da lissafin ya ba shi. Sai ya jiƙa shi ko ya turara shi, ya lanƙwasa shi a kan zafi, ya matse shi a wurinsa ya kwana, da safe ya cire ya duba ko haske yana ratsa tsakaninsa da na ƙasa, in yana ratsawa ya sake gogewa. Ana sa ɗaya a dama a sa ɗan'uwansa a hagu, domin idan aka cika gefe guda aka bar ɗayan, katakon yana bushewa ya ja ƙashin bayan ya murɗe, kuma jirgin da ya murɗe babu mai miƙe shi. Goshin Vasa mai kumburi ne irin na jiragen Holan, lanƙwasar wurin tana da tsanani, a nan katako ya fi karyewa a hannun mai gaggawa.

Sai siffofi. Vasa yana ɗauke da sassaƙe kimanin 700, wajen 500 daga ciki siffofin mutane da dabbobi ne, sauran ado. Babban masassaƙinsu Bajamushe ne mai suna Mårten Redtmer. A goshi akwai zaki mai tsawon mita uku yana tsalle, a gefensa jerin sarakunan Rum na dā. A ƙeya akwai tambarin masarauta zakuna biyu sun riƙe shi, da jaruman Gidiyon na Littafi Mai Tsarki da ƙahoninsu da fitilunsu, da Hakulis jarumin tatsuniyoyin Girka da Rum, da 'yan ruwa masu jelar kifi kwance a kan rufin barandar gefe. Kusa da bayan gidan matuƙa, a goshi, an sassaƙa wani basaraken Polan a tsugune a ƙarƙashin benci, cin fuska ne ga abokin gaba da aka yi da gangan. Duk waɗannan saƙo ne sarki yake aikawa, kuma mai samfurin da ya ce zai taƙaita ya bar wasu, ya yanke wa sarkin magana a tsakiya. A samfurin gidan tarihin akwai siffofi sama da 500. Zakin goshi ya koma santimita talatin. Fuskar jarumin da ta kai tafin hannu biyu ta koma kan ɗan yatsa, a wannan ɗan wuri kuma ake son gemu ya fito, ido ya fito, fushin da Redtmer ya sa masa ya fito.

Abin da bai dawo ba

Jikin jirgin ya dawo kusan cikakke, fiye da kashi 95 cikin ɗari na katakon da ake gani na asali ne. Abin da ke sama da bene kuwa labarinsa daban. Ƙananan jigogi na sama da sandunan da ake rataya filafilai sun tafi tun a ƙarni na 17, igiyoyi sun ruɓe in ban da gutsattsari. Shi ya sa ainihin jirgin da ke zauren yake tsaye da gindin jigoginsa kawai, sauran tsayin sai dai a gan shi a sandunan ƙarfe da aka kafa a kan rufin ginin daga waje.

Samfurin shi ne wurin da aka mayar da wannan ɓangare da ya ɓace, kuma ba da ka aka yi ba. An tarar da filafilai shida a naɗe a wani ɗaki na cikin jirgin, waɗanda ba a buɗe ba ranar haɗarin. Sun yi laushi har ba sa ɗaukuwa, sai da aka buɗe su a cikin ruwa a hankali aka manna su a kan wani abin tallafi. Mafi ƙanƙanta a cikinsu murabba'in mita 32 ne, yana nan ana nuna shi. Daga girman filafili ana gane tsawon sandar da ke ɗauke da shi da tsayin jigon da ke riƙe da sandar. An kuma samu ɗaruruwan kurayen katako da igiya ke bi ta cikinsu. Faɗin ramin kura yana faɗin kaurin igiyar da ta ratsa shi. Ramuka da maratayai na jikin bene suna nuna inda kowace igiya take sauka. Inda shaidar jirgin ta ƙare, sai a koma ga zane-zanen masu fenti na Holan na wancan zamani da rubuce-rubucen maƙera.

Igiyar samfuri ba a saye ta a kasuwa. Ana tufka ta da ƙaramar na'ura, zare uku a murɗa kowanne ta fuska ɗaya su haɗu su naɗe ta ɗaya fuskar, kuma jirgi guda yana buƙatar kauri iri-iri, daga mai riƙe babban jigo zuwa wadda matuƙa ke takawa su hau sama. Igiyoyin da ke tsaye ba sa motsi ana shafa musu kwaltar itace, don haka sun fi duhu. Masu gudu cikin kura sun fi haske. Kuma akwai tarkon zamani. Vasa ba shi da sitiyari mai zagaye irin wanda kowa ya saba gani a hotunan jiragen dā, wannan sai wajen shekara ta 1700 ya shigo. Da doguwar sanda a tsaye ake juya shi, matuƙin yana ƙarƙashin rufi. Ba a lulluɓe cikinsa da jan ƙarfe ba, wannan ma al'adar ƙarni na 18 ce. Wanda ya ɗauko abin da ya sani daga jiragen baya ya ɗora wa Vasa ya haɗa kaka da jika a riga ɗaya.

Igwa ma haka. Tunda an kwashe mafi yawansu tun a shekarun 1660, manya uku kawai aka samu a lokacin aikin ciro jirgin. Daga waɗannan ukun ake ɗaukar siffar sauran.

Maganar fenti

A nan ne, a ganina, wannan aiki ya fi cancantar a yi nazarinsa. Shekaru da yawa bayan an ciro jirgin, hoton da ke kan mutane shi ne Vasa shuɗi ne da ruwan zinare. Haka aka zana shi a littattafai da katunan masu yawon buɗe ido, haka dubban masu sha'awa suka fente nasu a gida. Zancen yana da daɗin ji, tutar Suwidin shuɗi ce da rawaya, jirgin sarki kuma ai da zinare ya dace. Amma ido ba ya ganin wani launi a jikin katakon da ya fito daga laka, abin da ake da shi zato ne kawai da ya daɗe har ya zauna.

Daga shekarun 1990 aka zauna aka bi abin a tsanake, aikin da ya ɗauki fiye da shekara goma. A cikin lungunan sassaƙe, ƙarƙashin gemu, tsakanin yatsu, cikin naɗin riga, akwai ɓurɓushin fenti da ya maƙale. Aka riƙa ciro gutsure wanda bai kai ƙwayar gero ba, sama da dubu, ana daskarar da kowanne a cikin ƙaro, a yanka shi a tsaye, a duba shi a madubin ƙara girma a ga hawa-hawan fentin. Launin da ake gani a gutsuren ba abin dogaro ba ne, shekara ɗari uku a cikin ruwa mai ƙazanta sun sauya shi. Sinadarin ake bi. Inda aka samu zaiba, ja ne mai haske ya zauna a wurin. Inda aka samu darma, fari ne ko wani jan. Jan ƙarfe yana nuna shuɗi ko kore. Aka gwada wannan da takardun sayayya na ma'aikatar jiragen, inda aka rubuta irin garin launin da aka saya, wajen iri ashirin, da kuma sassaƙen coci-coci na zamanin waɗanda fentinsu bai goge ba.

Abin da ya fito ya rushe tsohon hoton. Bangon saman jirgin ja ne. Siffofin kuma an fente su kamar masu rai: fatar mutum ruwan hoda, leɓe ja, gashi rawaya, jelar 'yan ruwa kore ko shuɗi, sulke ruwan ƙarfe. Zinare yana nan amma a zaɓaɓɓun wurare, kamar zakunan tambari. Ga idon mutumin yau abin ya yi yawa, har wasu suna ganin kamar kwalliyar ta wuce gona da iri. Ga mutumin 1628 kuwa, wanda launi mai kyau abu ne mai tsada a wurinsa, wannan shi ne arziki da iko a bayyane, kuma ana son a hango shi daga nesa a kan ruwa.

Ba za a shafa wa ainihin jirgin fenti ba, ko kusa. Don haka samfurin ne ya ɗauki sakamakon binciken, tare da wasu kwafin siffofi masu cikakken girma da aka rataye a bango. Abin da nake yaba wa a nan shi ne jiran. Da an bi abin da kowa ya yarda da shi a 1990, da an shafe siffofi ɗari biyar da shuɗi da zinare, miliyoyin baƙi kuma su tafi gida da wannan hoto a matsayin gaskiya, domin mutum ya fi yarda da abin da ya gani an sassaƙa da kyau fiye da abin da aka rubuta a allon bango. Kyan aikin hannu yana sa a daina tambaya. Saboda haka nauyin da ke kan mai samfuri ya fi na mai rubutu: shi ba shi da inda zai rubuta "wataƙila", dole ya zaɓi launi guda ya shafa.

Ranar da ba a taɓa yi ba

Duk da wannan tsantseni, samfurin yana nuna abin da bai taɓa faruwa ba. Vasa bai taɓa buɗe filafilansa goma ba, huɗu ya buɗe ya nutse da su. Ba a kuma gama kawo masa dukan igwan da aka tsara ba lokacin da ya tashi. Samfurin yana nuna jirgin kamar yadda sarki ya so shi, ba kamar yadda mutanen da ke bakin gaɓa suka gan shi ba. Ban ga laifin wannan ba, tunda babban jirgin yana gefe yana ba da ɗaya rabin labarin, kuma babu wata hanyar da baƙo zai fahimci yadda igiya da jigo da ƙyalle suke aiki tare in ba a buɗe su duka ba.

Akwai wani abu ƙarami da ya fi taɓa ni. A cikin murfin kowace tagar igwa an manna kan zaki, baki a wangale, an fente shi rawaya a kan ja. A cikin murfin yake, ba a bayansa ba, don haka ba a ganinsa sai an ɗaga murfin sama. Mai samfurin da ke son a ga zakunansa dole ya bar tagogin a buɗe, har da na benen ƙasa. Idan ka tsuguna ka daidaita idonka da layin da ruwa ke tsayawa a jikin samfurin, ka dubi ɗan tazarar da ke tsakaninsa da bakin tagogin ƙasa, sannan ka ɗaga kai ka ga tulin katako da igwa da jigo da ke sama, ba ka buƙatar a yi maka bayanin abin da ya faru ranar 10 ga Agusta. Wannan ba a iya ganinsa a babban jirgin, ya fi ƙarfin ido ya ɗauke shi a kallo guda, ga duhun zauren da aka rage wa haske don kare katako.

Bincike na baya-bayan nan, wanda Fred Hocker ya jagoranta a gidan tarihin, ya ƙaro wata tambayar. Da aka auna jirgin dalla-dalla sai aka ga ɓangarorinsa biyu ba daidai suke ba, hagu ya fi dama nauyin katako, tagogin ma ba su fuskanci juna sosai ba. An kuma tsinci ma'aunan katako huɗu na ma'aikata: biyu da ƙafar Suwidin mai inci 12, kimanin santimita 29.7, biyu da ƙafar Amsterdam mai inci 11, kimanin santimita 28.3. Duk wata koyarwa ta wannan sana'a tana cewa dama da hagu su zama tagwaye, mai koyo yana shan faɗa idan suka bambanta da kaurin gashi. To wanda zai yi Vasa, ya gyara wa Hybertsson aikinsa ne ko ya kwafe shi da karkacewarsa? Ni dai ina tare da kwafewa duk inda ma'auni ya ba da dama. Idan aka miƙe abin da ya karkace, an samu jirgi mai kyau, amma an ɓoye yadda mutane daga ƙasa biyu suka yi aiki a fili ɗaya da ido da ma'auni iri biyu, sarki kuma yana matsa musu lamba.

Masu yi a gida

Mafi yawan masu yin Vasa ba su da zauren mita bakwai. Akwatunan da kamfanoni irin su Billing Boats na Denmak da Corel na Italiya ke sayarwa a ma'aunin ɗaya bisa 75 suke, jirgin ya tashi kimanin santimita 92, zakin goshi santimita huɗu. A wannan girma ba a gina haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ana kafa 'yan allunan falanki a kan ƙashin baya a lulluɓe su da siraran katako, sau da yawa hawa biyu, siffofin kuma na zubi ne. Aiki ne na shekara biyu ko uku ga mai yi da yamma bayan ya taso daga neman abinci. Tun daga 2008 hotunan samfurin gidan tarihin suka zama abin da irin waɗannan mutane ke kafawa a gaban teburinsu, wanda kuma ya gaji tsohon akwati mai umarnin shuɗi sai ya yanke wa kansa hukunci, ya bi takarda ko ya bi bincike.

Wanda zai auna ainihin jirgin a yau ma sai ya yi hattara, domin ba daidai yake da na 1628 ba. Katakon ya ɗan tsuke da ya bushe, sinadaran ƙarfe da farar wuta da ya sha a ƙarƙashin ruwa sun rage masa ƙarfi, jikin yana sauka yana karkata da kimanin milimita guda a shekara. Tsakanin 2011 da 2018 an zare dubban ƙusoshin da aka sa masa bayan ciro shi aka maye su da na ƙarfen da ba ya tsatsa, abin da ya rage masa nauyin tan takwas. A 2024 kuma aka fara kafa masa sabon abin tallafi na ƙarfe daga waje da ciki, ana son a gama a 2028, shekarar da zai cika 400 da nutsewa.